Babi na Shida: Hanyar Zuwa, Hanyar Dawowa da Hanyar Iska

Duk wanda ke shiga garejojin Maraɗi ya san injin kafireta mai lafiya ya fara wuyar samu. Tsofaffin motocin kuwa suna nan daram: Peugeot 504 da 505 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da Toyota Corolla da Starlet, da bas ɗin Hiace, da a-kori-kura ƙirar Hilux. Su ne ke ɗauko zogale da tumatir da tattasai daga lambunan Jiratawa, su ne ke jigilar mutane tsakanin Tibiri da birni, su ne ke cika tasha ranakun Litinin da Juma'a da kasuwa ke ci. Jikinsu na da sauran ƙarfi, ƙafafunsu sun saba da hanyoyinmu, inji ne ke gajiya. Idan kuma mai mota ya tashi neman wani injin, ko cikin kayan da ke sauka daga Turai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a biyo da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, abin da zai fi tararwa shi ne injekta.

Dalilin haka a can Turai yake. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin feshin mai da lantarki ke sarrafawa, aka fara sa shi a Volkswagen 1600. Kafireta ta ci gaba da zamanta a ƙananan motoci har dokar hayaƙi ta Euro 1 ta fara aiki a 1992, daga farkon 1993 kuma ta hau kan kowace sabuwar mota. Kafireta ba ta iya auna mai daidai yadda dokar ke so, sai masana'antu suka yi watsi da ita. Shi ya sa kusan duk injin fetur da aka ciro daga motar Turai ta bayan wannan lokaci da nozuloli masu fesa mai da ƙwaƙwalwar lantarki mai sarrafa su yake zuwa. Ko a jikin lambar injunan Toyota ana ganin sauyin: 4A-F mai kafireta ne, 4A-FE injekta, haka ma 22R da 22R-E.

Aikin farko shi ne a ɗora irin wannan inji, a haɗa wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa. Yawanci a nan hankalin kowa ke tsayawa. Da inji ya tashi ya yi ƙara mai daɗi, sai a rufe bonet a yi wa mai mota barka. Tankin da ke baya, wanda aka ƙera shekara talatin ko arba'in da suka wuce domin kafireta, ba wanda ya leƙa shi. Bayan 'yan makonni mota ta fara shan mai, ko tana mutuwa da rana tsaka, ko warin fetur ya hana fasinja sakat, sai a ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa, a ce injekta ba ta dace da ƙasarmu ba. Gaskiyar magana, rabin aikin a wajen tanki yake. Tankin injekta na buƙatar hanyoyi uku, kowace da aikinta: wadda mai ke fita, wadda ragowarsa ke dawowa, da wadda iska ke shiga da fita. Idan aka toshe ɗaya, ko aka ɗora wa ɗaya aikin wata, za a biya da kuɗi, wani lokaci ma da rai.

Abin da ya sauya tsakanin tanki da inji

Kafireta ba ta son matsi. Ɗan famfon da ke jikin inji yana zuƙo mai daga tanki ya tura shi da ƙarfin da bai wuce bar 0.3 ko 0.4 ba. Man ya zuba a ɗan kofin da ke jikin kafireta, idan kofin ya cika wata allura ta rufe ƙofa, inji kuma ya riƙa sha daga wannan ajiya. Saboda haka ko mai ya yanke daga tanki na daƙiƙa biyu ko uku, direba ba zai ji ba.

Injekta ba ta da wannan kofi. Nozulolinta suna jere a jikin bututu guda, kuma dole man da ke cikin bututun ya kasance a matse koyaushe, wajen bar 3 a yawancin injunan da muke magana a kai, wato ya ɗara iskar da ake bai wa tayar ƙaramar mota. Ƙwaƙwalwa kuma lokaci take aunawa. Tana buɗe nozul na ɗan ƙanƙanin lokaci, 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa, bisa amannar cewa matsin yana nan yadda aka tsara. Idan matsin ya hau, mai ya yi yawa. Idan ya sauka, inji ya ji yunwa. Akwai na'urar da ke shinshinar hayaƙi a jikin salansa tana gaya wa ƙwaƙwalwa ta gyara, amma gyaranta yana da iyaka.

Famfon lantarki ne ke samar da wannan matsi, kuma an yi shi ne ya riƙa turo fiye da abin da inji zai taɓa nema. Mu yi lissafi. Ƙaramin famfo na iya tura wajen lita 100 a awa ɗaya. Motar da ke cin lita 8 a kilomita 100, idan tana gudun kilomita 80 a awa a kan hanyar Damagaram, abin da take ƙonawa a awar bai kai lita 7 ba. Fiye da lita 90 ke nan suka je gaba ba a buƙatarsu. A ƙarshen bututun nozuloli akwai regileta, wani ɗan bawul mai sifirin a ciki, wanda ke riƙe matsin a inda ake so ya saki duk abin da ya yi saura. Wannan sauran dole ya sami hanyar komawa tanki.

Daga wajajen ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera motoci sun fara mayar da regileta cikin tanki, ta yadda ragowar mai ba ya zuwa gaba balle ya dawo. Saboda haka tambaya ta farko tun a wajen sayen inji ita ce: bututun nozulolin nan baki ɗaya gare shi ko biyu? Idan biyu ne, da regileta a ƙarshe, sai an ja hanyar dawowa har baya. Idan ɗaya ne, sai an nemo famfo mai regileta a jikinsa, ko a sa regileta kusa da tanki, ragowar ta koma daga nan.

Hanyar dawowa

Idan aka kwance faifan da ke saman tanki, wanda ke ɗauke da abin auna yawan mai, a tsohuwar mota sau da yawa bututu ɗaya za a gani ya ratsa shi ya sauka ƙasa. Wasu motocin kafireta suna da na biyu siriri, don ɗan man da famfo ke mayarwa. A tankin injekta na asali kuwa za a ga famfo a rataye da rariya a bakinsa, da bututun dawowa da ya sauka har kusa da gindin tanki, sannan a wani gefe a can sama akwai bakin iska. Duk gajerun hanyoyin da ake bi a gareji ƙoƙari ne na kauce wa samar da wannan bututu na biyu, kuma kowace da irin ɓarnarta.

Akwai mai toshe bakin regileta da ƙusa da kilif, ko ya yi amfani da wancan siririn bututu na kafireta wanda lita 90 ba za su wuce ta cikinsa ba. Matsi ya hau, mota ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, silo ya ƙi tsayawa, man da ya yi yawa ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Famfo yana ta kokawa da ƙofa a rufe har ya ƙone. Bututun dawowa yana son faɗin milimita 6 zuwa 8, ba lanƙwasa mai tsanani, ba inda ƙarfe ya danne shi.

Akwai mai haɗa tiyon dawowa da na zuƙa, dab da bakin famfo, don ya huta da taɓa tanki. A ido dabara ce. Amma man da ya dawo daga gaba ya ɗebo zafin inji, ya kuma fito daga matsi ya saki kumfa. Maimakon ya je ya gauraya da sauran man tanki ya huce, sai ya sake faɗawa famfo, ya koma gaba, ya ƙara zafi, ya dawo. Kafin a jima famfo tururi yake zuƙa. Za a ji shi yana kuka mai tsini, mota tana shaƙewa, musamman a cunkoson bakin kasuwa inda inji ke silo kuma kusan dukkan man dawowa yake yi.

Akwai kuma mai zuba shi ta wuyan tanki, inda ake ɗura mai, ko ya huda sama ya bar shi yana zubowa. Man da ke faɗowa daga sama yana dukan wanda ke ƙasa ya haddasa kumfa da tururi, famfo ya kwashi kumfar. Ka'ida ita ce bakin bututun ya nutse cikin mai, kusa da gindi, kuma a tankin da ba shi da shamaki a ciki ya yi nesa da bakin zuƙa.

Mafi muni a cikinsu shi ne wanda ya duba saman tanki ya ga wani baki da ba a amfani da shi don mai, ya cusa tiyon dawowa a kai. Wannan baki na iska ne. Ya sama wa mai hanya, ya toshe wa tanki hanci.

Tankin da ba ya cika

Kafin mu je ga iska, akwai wata ɗabi'a tamu da masu ƙera motoci ba su sa a lissafi ba. Direban haya a Maraɗi ba kasafai yake cika tanki ba. Ya sayi lita uku ko biyar da safe, idan ya yi sawu ya sami kuɗi ya ƙara. Shekaru da yawa wannan mai daga hannun 'yan ruwa-ruwa yake fitowa, a kwalba da jarka a bakin hanya, saboda arahar man Najeriya. Matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ta fara aiki a 2011, sannan janye tallafin mai da gwamnatin Najeriya ta yi a ƙarshen Mayun 2023 ya rage kwararowar na ƙetare ya tura mutane gidajen mai. Amma sayen mai kaɗan-kaɗan yana nan, domin aljihu ne ke yanke shi.

Koma ga lissafinmu. Idan lita 50 ke cikin tanki, famfon nan yana ɗaukar rabin awa kafin ya zagaya da su gaba ɗaya. Idan lita 5 ne, minti uku kacal. Wato wannan ɗan man yana zuwa wajen inji mai zafi ya dawo sau ashirin a awa. Famfon lantarki kuma da man da ke ratsa shi yake hucewa, da shi yake samun santsi. Ga mai kaɗan, ga zafi, ga dattin gindin tanki. Sannan a tanki mai faɗi marar shamaki, lita 5 shimfiɗa ce marar zurfi. Da an sha kwana, ko an taka birki, ko an shiga gargada a hanyoyin lambu na Jiratawa, sai man ya gudu gefe guda, bakin zuƙa ya kwashi iska. Kafireta takan rufa wannan asiri da kofinta. Injekta nan take take tuntuɓe.

Maganin da masana'antu suka yi shi ne ɗan kasko a cikin tanki, famfo yana zaune a ciki, man da ke dawowa yana zuba a ciki yana riƙe shi a cike ko da sauran tankin ya yi ƙasa. Don haka abin da ya fi shi ne a nemo tankin motar da aka ciro injin daga jikinta, ko na wata ƙirar injekta da zai zauna a gurbin. Idan bai samu ba, ana yin ɗan tanki na lita ɗaya ko biyu a tsaye, a waje da ɗakin fasinja. Ƙaramin famfo marar matsi ya riƙa cika shi daga babban tanki, babban famfo ya ɗiba daga gindinsa, man da ya dawo daga inji ya zuba a cikinsa, abin da ya tumbatsa ya fita ta samansa ya koma babban tanki. Duk famfon da za a sa a waje kuma a sa shi kusa da tanki, daidai gindinsa ko ƙasa da haka, domin irin waɗannan famfuna sun iya turawa, ba su iya zuƙowa daga nesa ba.

Hanyar iska

Mai shayi ya san ba a huda gwangwanin madara sau ɗaya. Huda biyu yake yi, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta maye gurbinta. Duk litar da inji ya ƙona ta bar gurbi a tanki, kuma in iska ba ta shiga ta cike gurbin ba, iskar waje za ta fara matse tankin. Kada a raina wannan matsi. Idan na cikin tanki ya gaza na waje da bar 0.1 kawai, fuskar tanki mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita tana ɗauke da nauyin kusan kilo 500. Shi ya sa ake ganin tanki ya loɓa ciki ba tare da ya bugi dutse ba, ko gejin mai ya fara ƙarya saboda gindin ya taso.

Ga yadda abin ke bayyana. Direba ya cika tanki da safe saboda ranar kasuwa ce, yana ta sawu tsakanin Maraɗi da Tibiri. Tankin da ke cike iskar cikinsa kaɗan ce, don haka da an ɗebi 'yan litoci sai zuƙar ta yi ƙarfi. Wajen sawu na uku mota ta fara nauyi, ya taka totur ba ta amsawa, can ta mutu. Ya buɗe murfin tanki ya leƙa ko mai ne ya ƙare, ya ji “fuuu”, ya rufe, ya murza makulli, ta tashi garau. Da yamma ya kai ta gareji.

“Malam, motar nan tun da aka sa mata injin nan ba ta yi mini yini guda lafiya ba. Ko ƙwaƙwalwar ce?”

Bakanike nagari ba zai taɓa ƙwaƙwalwa ba tukuna. Zai tambaya: “Da ta mutu, me ka yi ta tashi?” Da ya ji maganar murfi, sai ya ce wa yaronsa: “Kai, shiga ƙasa ka bi mini tiyon iska, ka ga inda ya ƙare.” Yaron ya fito da ƙura a ka ya ce: “Maigida, ai a nan aka haɗa na dawowa.” Wani lokaci kuma ba haka ba ne. Tsohon murfin, mai ɗan rami ko bawul a ciki, shi ne ya ɓata, aka sayo wanda ke rufewa ruf, alhali tankin ba shi da wata kafar iska sai ta murfi.

Ɗaya gefen matsalar shi ne fitar tururi, kuma nan ne zafin ƙasarmu ke shigowa. Fetur gaurayen abubuwa ne, masu sauƙin cikinsu suna fara tafasa tun wajen digiri 30 zuwa 40. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi a inuwa yakan haura 40, balle ƙarƙashin mota, tsakanin kwalta da salansa, ga kuma man da ke dawowa da zafin inji. Ban da tururi, man kansa kumbura yake yi, kusan lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Lita 60 da aka ɗura da sanyinsu daga rijiyar gidan mai, idan suka ƙara digiri 15 a rana, sun ƙaru da kusan lita guda. Masu ƙera tanki suna barin fili a sama saboda wannan. Direban da ke girgiza mota a gidan mai don ta ƙara shan lita ɗaya, wannan fili yake cikewa, kuma man zai nemi hanyar fita ta tiyon iska ko ta duk inda ya sami rauni.

Tankin da tururi ya kumbura shi yana tsartuwa da mai idan aka buɗe murfi, yana tsage wajen ɗinki, yana tura wari cikin mota. Don bambance su, a sassauta murfi a hankali: idan iska mai ɗumi da wari ta bugo hannu, matsi ne, idan murfin ya yi kamar ana jan sa ciki, zuƙa ce. Ɗan huci kaɗan a motar zamani ba laifi ba ne, domin bawul ɗinta an yi shi ya riƙe ɗan matsi kafin ya saki.

Tun farkon shekarun 1970 Amurka ta hana sakin wannan tururi a iska, aka fito da gwangwanin gawayi. Tiyon iska yana ƙarewa a cikinsa, gawayin ya kama tururin ya riƙe, idan inji ya yi zafi sai a buɗe wani bawul ya zuƙe shi ya ƙona. Injunan da ke zuwa mana galibi suna da bakin wannan tiyo a jikinsu, amma masu yanko inji sukan bar gwangwanin a can. Wanda ya same shi ya sa shi, domin tururin nan fetur ne da aka biya kuɗinsa. Wanda bai samu ba, ya toshe bakin da ke jikin inji da kyau don kada ya riƙa shan iskar da ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, sannan ya yi wa tanki hanyar iska tasa.

Wannan hanya daga mafi tsayin wuri a tanki take tashi. Ta hau sama ta wuce tsayin wuyan ɗura mai kafin ta juyo ƙasa, ba tare da wani kwari a tsakiya ba inda mai zai kwanta ya toshe ta. Ta ƙare a wajen mota, nesa da salansa da birki da wayoyi, kada a kuskura a bar ta a but ko ƙarƙashin kujera. A sa mata bawul ɗin da ke rufewa idan mota ta kife, domin a haɗari ta nan mai ke tsiyaya. A bakinta kuma a sa ƙaramar rariya. Iskar da tanki ke sha da hunturu ƙura ce zalla, kuma ramukan nozul ƙanana ne ƙwarai. Zanzaro ma yana son bakin tiyo a buɗe, motar da ta yi kwanaki a ajiye sai a tarar ya lafta masa laka. Da damina kuma, mai ratsa ruwa a fadamun Gulbin Maraɗi ya tabbata bakin ba a ƙasa yake ba, don tanki mai zafi idan ya shiga ruwa ya huce, zuƙa yake yi. Tsumma ko leda a madadin murfi kuwa ba ya tare ƙura, ba ya tare ruwa, ba ya tare wuta.

Inda araha ke kisa

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ƙasa yake bi, ya taru a rami da ƙarƙashin mota, kuma kashi biyu cikin ɗari a iska ya isa ya kama da tartsatsi ɗaya. Mutanen yankin nan ba sa buƙatar a faɗa musu abin da wutar fetur ke yi: tankar da ta kama a Yamai a Mayun 2019 ta kashe fiye da mutum 50, ta garin Majiya a Jigawa a Oktoban 2024 fiye da 150. Tankin mota ƙarami ne, amma mutane a kansa suke zaune.

Abu na farko tiyo. Wanda aka yi don kafireta, balle farin tiyon roba na ruwa, ba ya jure bar 3 da zafi. Idan ya tsage, feshi yake yi a kan inji. A duba rubutun jikinsa: mai lamba J30R9 na injekta ne, wanda zai zauna cikin tanki a nutse kuma J30R10. Inda hanya ta yi tsawo a bi da bututun ƙarfe, a ɗaure shi a jikin shasi, roba ta tsaya a gaɓoɓi kawai, da kilif mai santsin ciki wanda ba ya yanka ta. Rariya biyu ake so, mai manyan ido kafin famfo, mai ƙananan ido da jikin ƙarfe bayansa.

Na biyu waya. Kada a haɗa famfo kai tsaye da makulli. Ta hannun rile da fis ake ba shi wuta, yadda idan inji ya tsaya shi ma zai tsaya. In ba haka ba, a haɗari inji ya mutu, tiyo ya tsinke, direba ya suma, famfo yana ta zuba lita ɗaya da rabi a kowane minti.

Na uku walda. Tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da abin da ya maƙale a ɗinki da tsatsa. Duk abin da za a ƙara, a ciro faifan sama a yi aikin a kansa, nesa da tankin.

Masu bin hanyar baya ma, waɗanda ke cire injekta su ɗora kafireta, wannan babi ya shafe su. Famfon bar 3 yana fin ƙarfin allurar kafireta, mai ya tumbatsa a kan inji mai zafi. Ko a canja famfon da marar matsi, ko a sa regileta mai mayar da ragowa ta bututun dawowa da ke nan tun asali.

Kafin a miƙa makulli

Gwajin duk wannan ba ya cin awa ɗaya. A ɗaura gejin matsi a bututun nozuloli, a murza makulli ba tare da tayar da inji ba: famfo ya yi ƙara na 'yan daƙiƙu ya tsaya, a bi kowace gaɓa da ido da hanci. A tayar da inji a karanta geji. A injunan da regiletarsu ke da ɗan tiyon iska daga inji, matsin silo yakan gaza da wajen rabin bar, idan aka zare tiyon ya hau. Idan matsin ya wuce ka'ida, a kashe inji, a juya tiyon dawowa cikin jarka a fili nesa da wuta, a sake gwadawa. In ya sauko, toshewar tana hanyar baya. A buɗe murfi a hura tiyon iska a ji ya wuce. Sannan a fita da motar da tsakar rana, da mai kaɗan a tanki, a sha kwana da ita, a dawo a sassauta murfi a saurara.

Garejin da ba shi da gejin matsi da ka yake aiki, yana canja kaya masu lafiya da kuɗin mutane. Ya kamata duk ubangidan da ke karɓar aikin injekta ya mallake shi, ya kuma koya wa yaransa karanta shi, domin su ne za su gaji motocin nan. Mai mota kuma nasa alhakin shi ne ya sa kuɗin tanki a cikin lissafi tun ranar da yake cinikin inji, da famfo da tiyo da rariya da bawul, kada ya tsaya ja-in-ja a kansu bayan ya biya babban kuɗi. Araha ba ta ado, a wajen fetur kuwa ba ta ma tsira. Idan aka ce masa aiki ya kammala, ya nemi a nuna masa hanyoyin nan uku da yatsa, daga inda kowace ta tashi zuwa inda ta ƙare. In an kasa nuna masa ɗaya, aiki da saura, kuma kada ya ɗauki fasinja sai an gama shi.